Basira a Kan Sikeli: Abin da Gwajin IQ Ke Aunawa da Abin da Ya Fi Ƙarfinsa

Lokaci zuwa lokaci wani jadawali kan ɓulla a Facebook ko WhatsApp, an jera ƙasashen duniya daga sama zuwa ƙasa, kowace da lamba a gabanta, wai ga matsakaicin kaifin basirar mutanenta. Ƙasashen gabashin Asiya suna sama da 100 da 'yan kai, na Turai kusa da 100, na Afirka kuwa can ƙasa, 70 ko ma 60. Kafin ƙurar wannan ta lafa sai ga wani shafi yana tallar gwajin minti goma da zai gaya wa mutum ko shi haziƙi ne, sai kuma ga labarin wasu kamfanoni a Amurka da ke cewa za su iya duba ƙwan haihuwa da aka haɗa a ɗakin gwaji su nuna wa iyaye wanda zai fi basira. Masu karatu sukan rabu gida biyu. Wasu su ɗauki lambar kamar hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa, wasu su ce duk tatsuniyar Turawa ce. Binciken da aka shafe fiye da shekara 100 ana yi bai ba ko wane ɓangare gaskiya duka ba.

Kalma ɗaya, abubuwa da yawa

Rikicin ya fara ne tun daga suna. Hausa ta rarrabe abubuwan da ake cakuɗawa a wannan muhawara. Mai hankali shi ne mai natsuwa da sanin ya kamata, wanda ya san maganar da ake faɗa da wadda ake haɗiyewa. Mai basira ko hazaƙa shi ne mai saurin ɗauka, wanda in an nuna masa bakin zare sai ya warware sauran da kansa. Mai wayo ya san ta inda zai ɓullo wa buƙatarsa, ko da hanyar ba ta da kyau. Ga kuma mai hadda, ga mai ilimi, ga mai hikimar da shekaru ke kawowa. Abin da gwajin IQ, wato gwajin da ke sa wa kaifin basirar mutum lamba, ke ƙoƙarin kamawa shi ne basira, tare da wani abu daga sanin da mutum ya tara. Don haka ana iya samun wanda ya ci maki mai yawa irin 130, amma duk wanda ya zauna da shi ya ce ba shi da hankali, kuma maganganun biyu duk su zama gaskiya.

Su kansu masana halayyar ɗan Adam ba su taɓa tsayawa a kan ma'ana ɗaya ba. A 1921 wata mujallar ilimi a Amurka ta nemi masana 14 su faɗi mece ce basira, kusan kowa ya kama gabansa. Bayan shekara biyu Edwin Boring na Jami'ar Harvard ya ce basira ita ce abin da gwajin basira ke gwadawa, magana mai kama da ba'a amma da ƙamshin gaskiya a cikinta. Bayanin da aka fi ambatawa yanzu shi ne wanda masana 52 suka sa wa hannu a 1994, inda suka ce ita ce ikon yin tunani bisa hujja, da tsara abu kafin a yi shi, da warware matsala, da fahimtar abin da ido ba ya gani, da saurin koyo, da ɗaukar darasi daga abin da ya faru.

Al'ummomi da yawa sun fi haka faɗaɗa ta. Binciken da Elena Grigorenko da Robert Sternberg da abokan aikinsu suka yi a cikin al'ummar Luo ta Kenya, wanda aka buga a 2001, ya tarar da kalmomi huɗu: rieko, wadda ta fi kusa da basirar makaranta, luoro, wato girmama mutane da ɗaukar nauyi, paro, tunanin yadda za a aiwatar da abu, da winjo, fahimtar umarni. Ta farkon ce kawai gwajin da aka saba da shi ke taɓawa.

Daga ina gwajin ya fito

Wanda ya fara ƙoƙarin auna basira da lamba shi ne Francis Galton, ɗan uwan Charles Darwin. A 1884 ya buɗe wurin awo a Landan, ya auna fiye da mutum 9,000 ta fuskar ƙarfin damƙa, kaifin gani da ji, da saurin mayar da martani. Ya ɗauka mai kaifin ido da kunne shi ne mai kaifin ƙwaƙwalwa. Da aka gwada irin wannan awo a kan ɗaliban jami'a daga baya, sai aka ga kusan ba ruwansa da sakamakon karatunsu.

Gwajin da ya yi aiki daga Faransa ya fito, kuma matsalar makaranta ce ta haife shi. Ƙasar ta wajabta karatun firamare a 1882, azuzuwa suka cika, aka sami yaran da ba sa iya bin darasi. A 1904 gwamnati ta kafa kwamiti kan yadda za a gane su. Alfred Binet da Théodore Simon suka fitar da ayyuka 30 a 1905, daga mai sauƙi, kamar bin ashana mai ci da ido ko nuna hanci da baki, zuwa maimaita lambobi da bayyana ma'anar kalmomi masu wuya. A 1908 suka jera ayyukan bisa shekaru, ta yadda za a iya cewa yaro ɗan shekara 8 yana aiki irin na ɗan shekara 6, ko na ɗan shekara 10. Binet ya yi gargaɗi tun a lokacin cewa sakamakon ba tambari ba ne, manufarsa a gano yaron da ke buƙatar taimako a taimaka masa, kuma ya yi suka mai zafi ga masu cewa basira ba ta ƙaruwa.

Bajamushe William Stern ne ya kawo dabarar raba shekarun basira da shekarun haihuwa a 1912, daga nan haruffan IQ suka samo asali. Lewis Terman na Jami'ar Stanford ya gyara gwajin Binet don Amurkawa a 1916, ya ninka sakamakon sau 100. Ɗan shekara 8 da ya yi aikin 'yan shekara 10 sai ya sami 125.

A Amurka ne gargaɗin Binet ya bi ruwa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya aka yi wa sojoji kusan miliyan 1.75 gwaji, kuma Carl Brigham ya yi amfani da sakamakon a 1923 ya ce baƙin haure daga kudanci da gabashin Turai ba su kai na arewacinta basira ba. Alhali a cikin alƙaluman kansu an ga cewa gwargwadon daɗewar baƙo a Amurka gwargwadon hawan makinsa, alamar cewa ana auna sanin Turanci da al'adun ƙasar ne. Brigham ya janye maganarsa a 1930. Kafin nan, a 1927, Kotun Ƙolin Amurka ta halatta yi wa waɗanda aka kira masu raunin ƙwaƙwalwa aikin hana haihuwa ba da yardarsu ba, kuma an yi wa fiye da mutum 60,000 a jihohi daban-daban. Zargin da ake yi wa gwajin IQ har gobe yana da tushe a wannan tarihi.

Yadda ake fitar da lambar

Gwajin gaske ba a waya ake yin sa ba. Mutum ɗaya ne ke zama gaban ƙwararre na awa ɗaya zuwa biyu. A karanta masa lambobi, 7, 2, 9, 4, a ce ya maimaita su daga ƙarshe zuwa farko. A zube masa 'yan tubala masu fuska ja da fara, a ce ya haɗa su su yi daidai da zanen da ke kan kati, agogo yana tafiya. A tambaye shi ma'anar kalmomi, da abin da ya haɗa abu kaza da abu kaza. A nuna masa jerin zane da gurbi ɗaya a buɗe, ya zaɓi wanda ya dace. Wannan tsari na David Wechsler ne, wanda ya fitar da gwajinsa na farko a 1939, kuma shi aka fi amfani da shi a duniya.

Wechsler ya watsar da lissafin raba shekaru, tunda ba ya aiki ga manya: ba wanda zai ce ɗan shekara 40 ya ninka ɗan 20 basira. Yanzu kafin a fitar da gwaji, sai an yi wa wani rukuni da aka zaɓo don ya wakilci al'ummar ƙasa, kamar mutum 2,200 da aka yi amfani da su a bugun manya na 2008 a Amurka. Matsakaicin makin kowane rukunin shekaru shi ake kira 100. An tsara ma'aunin ta yadda kusan kashi 68 cikin ɗari za su faɗa tsakanin 85 da 115, kashi 95 tsakanin 70 da 130, sai kimanin kashi 2 a kowane gefe.

Ke nan IQ lamba ce ta matsayi, kamar a ce ɗalibi ya zo na goma a aji. Ba irin awon kilo ko mita ba ce. Mai 140 bai ninka mai 70 ba, kuma lambar ba ta da ma'ana sai an san da wa aka kwatanta mutum. Tana kuma da kuskuren awo na kusan maki 5 sama ko ƙasa. Wannan ɗan kuskure ya taɓa zama batun rai da mutuwa. A 2002 Kotun Ƙolin Amurka ta hana zartar da hukuncin kisa a kan masu naƙasar ƙwaƙwalwa, sai jihar Florida ta kafa iyaka a maki 70 cif. A 2014, a shari'ar wani fursuna da ya ci 71, kotun ta soke wannan iyaka, ta ce dole a yi la'akari da kuskuren awo da kuma yadda mutum ke gudanar da rayuwarsa.

Basira ɗaya ce ko da yawa?

A 1904 Charles Spearman na Ingila ya lura cewa yaron da ya yi fice a wani darasi yakan yi abin kirki a sauran, har waɗanda ba su da dangantaka, kamar lissafi da bambance sautin kiɗa. Ya ce lallai akwai wani abu na gama-gari a ƙarƙashinsu, ya sa masa harafin g. An maimaita wannan bincike sau ɗaruruwa, kuma sakamakon bai canja ba: kusan kashi 40 zuwa 50 na bambancin da ake samu a gwaje-gwaje iri-iri yana komawa ga wannan abu guda. Inda ake jayayya shi ne mene ne shi. Wasu na ganin wata siffa ce ta ƙwaƙwalwa, kamar saurin aikinta. Wasu na ganin iyawa ce daban-daban da ke jan juna yayin girma, mai yawan kalmomi ya fi saurin karatu, mai karatu ya ƙara sani, har su zama kamar abu ɗaya.

Raymond Cattell ya raba ta gida biyu. Akwai basirar tunkarar sabon abu, wadda ke kai ƙololuwa wajen shekara 20 da wani abu sannan ta riƙa sauka a hankali. Akwai kuma wadda aka tara ta kalmomi da sani, wadda ke ci gaba da hawa har wajen shekara 60.

Howard Gardner na Harvard ya zo da nasa ra'ayin a 1983, cewa basira iri bakwai ce: ta harshe, ta lissafi, ta kiɗa, ta sarrafa jiki, ta gane siffa da sarari, ta fahimtar mutane, da ta fahimtar kai. Malaman makaranta sun rungumi wannan da hannu biyu, domin yana ba kowane yaro kima. Masu awo kuwa suna cewa ba a samar da gwajin da ya tabbatar da rabuwar nan ba, kuma waɗanda aka iya aunawa a ciki an tarar suna tafiya tare, kamar dai yadda Spearman ya gani.

Me lambar ke iya hangowa

Masana ƙididdiga suna auna yadda abu biyu ke tafiya tare da lamba daga 0 zuwa 1. Sifili na nufin ba su san juna ba, 1 kuwa inda wannan ya ɗauke ƙafa nan wancan ke sawa. Tsakanin IQ da sakamakon makaranta lambar takan kai kusan 0.5, wanda ba kaɗan ba ne a binciken halayyar mutane. Tsakaninta da ƙwazon aiki an daɗe ana ambaton 0.51 bisa wani nazari na 1998, amma sake lissafin da aka yi a 2022 ya sauko da ita wajen 0.31. Da yawan kuɗin shiga kuwa ba ta wuce 0.2 da 'yan kai ba.

Batun ɗorewa ma akwai hujja mai nauyi. Ranar 1 ga Yuni 1932 aka yi wa yara 87,498 'yan shekara 11 gwaji ɗaya a duk faɗin Sikotilan. Takardun suka kwanta shekaru, har Ian Deary da Lawrence Whalley suka gano su. A 1998 suka tara mutum 101 daga cikin yaran nan, yanzu tsofaffi 'yan shekara 77, suka sake ba su gwajin. Alaƙar makin yarinta da na tsufa ta kai 0.63. Mai cewa lambar shirme ce zalla ba shi da amsar wannan. Amma 0.63 ba 1 ba ce, mutane da yawa sun hau, da yawa sun sauka.

Shi kansa Terman ya bar darasi ba da niyya ba. Daga 1921 ya tattara yara kusan 1,500 masu maki mafi yawa a Kalifoniya, aka bi rayuwarsu shekara da shekaru. Yawancinsu sun yi karatu mai zurfi sun sami rufin asiri, amma ba wanda ya ci kyautar Nobel. Yara biyu da aka gwada aka ajiye gefe don makinsu bai kai ba, William Shockley da Luis Alvarez, su ne suka ci ta a fannin kimiyyar fiziks, a 1956 da 1968.

Gado da muhalli

Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sun kuma ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Bincike ya tabbatar da karin maganar biyu.

Babbar hanyar gano tasirin gado ita ce kwatanta tagwaye. Waɗanda suka fito daga ƙwai ɗaya ƙwayoyin gadonsu kusan iri ɗaya ne, waɗanda suka fito daga ƙwai biyu kuwa rabi suke tarayya a kai, kamar wa da ƙani. Na farkon sun fi kama da juna a maki nesa ba kusa ba, ko da an raba su tun suna jarirai, kamar yadda binciken Thomas Bouchard na Jami'ar Minnesota ya nuna a 1990. Wani nazari na 2010 da ya haɗa tagwaye kusan 11,000 ya ƙiyasta kason gado da kashi 41 cikin ɗari a shekara 9, kashi 55 a shekara 12, kashi 66 a shekara 17. Mutum zai zaci tasirin gado zai ragu da girma, sai ga shi yana ƙaruwa. Bayanin da aka fi karɓa shi ne ɗan ƙaramin fifiko yakan ja muhallin da ke ninka shi: yaron da karatu ya ɗan fi yi wa sauƙi shi zai fi ɗaukar littafi, malami ya fi kula shi, ya zaɓi abokai irinsa.

A nan ne aka fi yin tuntuɓe. Idan an ce gado kashi 60 ne, ba ana nufin kashi 60 na basirar wane daga iyayensa ya samo, 40 daga makaranta ba. Ana nufin a cikin wannan rukunin mutane, a cikin wannan yanayin rayuwa, kashi 60 na bambancin da ke tsakaninsu yana tafiya da bambancin ƙwayoyin gadonsu. In yanayin ya canja, lambar ta canja. Eric Turkheimer ya nuna a 2003 cewa a gidajen matalauta na Amurka kason gado yana faɗuwa ƙasa sosai, domin rashi ne ke yanke hukunci kafin gado ya sami fili. An sake ganin haka a Amurka, amma ba a gan shi ba a yammacin Turai, inda lafiya da makaranta suka fi isa ga kowa.

Kuma abin da ke cikin jini ba lallai ya gagari magani ba. Akwai wata cutar gado da ake kira PKU, inda jiki ke kasa sarrafa wani sinadari na abinci, ya taru ya lalata ƙwaƙwalwar jariri. Gado ne tsantsa. Amma tun shekarun 1960 ana gano ta da ɗigon jini daga diddigen jariri, a canja masa abinci, ya tashi lafiya ƙalau.

Ta ɓangaren muhalli, hujja mafi ƙarfi ta makaranta ce. Lokacin da ƙasar Nowe ta ƙara karatun dole daga shekara 7 zuwa 9, ba a rana ɗaya aka fara a duk gundumomi ba, sai wannan ya ba masu bincike damar kwatantawa. Suka tarar kowace ƙarin shekara ta ƙara maki 3.7 a gwajin shiga soja. Nazarin Stuart Ritchie da Elliot Tucker-Drob na 2018, wanda ya haɗa bayanan fiye da mutum 600,000, ya sa ƙarin tsakanin maki 1 zuwa 5 a kowace shekarar karatu, kuma ba ya gushewa da tsufa. A Faransa, wani bincike na 1999 ya bi yaran da aka ɗauka riƙo suna shekara 4 zuwa 6 da matsakaicin maki 77. Da suka kai samartaka, waɗanda suka faɗa gidajen masu ƙaramin ƙarfi sun ƙaru da maki kusan 8, na gidajen masu hali da kusan 20.

Me ya sa jikoki suka fi kakanni maki

James Flynn, malamin jami'a a Niyu Zilan, ya lura a 1984 cewa duk lokacin da aka sabunta gwaji sai an ɗaga ma'aunin, domin sabbin mutane suna cinye tsohon cikin sauƙi. A 1987 ya nuna haka a ƙasashe 14. Ƙarin ya kai kusan maki 3 a kowace shekara 10. Samarin Holan masu shiga soja sun ƙaru da kusan maki 20 tsakanin 1952 da 1982. Ƙwayoyin gado ba sa canjawa cikin shekara 30, don haka dalilin yana wajen makaranta, abinci, raguwar cututtuka, da canjin irin tunanin da rayuwa ke nema.

Wannan na ƙarshe shi Flynn ya fi ba muhimmanci. Yakan ba da misalin tambayar me ya haɗa kare da zomo. Ɗan makaranta zai ce duka dabbobi ne masu shayarwa, ya ci cikakken maki. Kakansa zai ce da kare ake farautar zomo, ya tashi a tutar babu, alhali bai yi ƙarya ba.

Alexander Luria ya ga irin haka da idonsa a ƙauyukan Uzbekistan a 1931 da 1932. Yakan ce wa manomin da bai yi makaranta ba: a can arewa mai nisa inda ƙanƙara take, duk dabbar beya fara ce, wuri kaza yana can arewa, to wane launi ne beyar wurin? Sai manomi ya amsa cewa shi bai taɓa zuwa can ba, a tambayi wanda ya je. Ba gazawa ba ce, ƙa'ida ce ta kada ka ba da shaidar abin da ba ka gani ba. Waɗanda suka yi makaranta ko ta shekara ɗaya ko biyu kuwa nan take suke amsawa. A Laberiya ma Joseph Glick ya ba manoman Kpelle kaya ya ce su rarraba, suka haɗa wuƙa da lemo, fartanya da dankali, suka ce haka mai hankali zai yi. Da ya tambaye su yadda wawa zai yi, sai suka ware kayan aiki gefe, abinci gefe, daidai yadda gwajin ke so.

Hawan nan ba dole ne ya ɗore ba. A Nowe makin ya fara sauka ga waɗanda aka haifa bayan 1975, kuma wani nazari na 2018 ya ga saukar har tsakanin wa da ƙani a gida ɗaya, wanda ke nuna daga muhalli take.

Komawa ga jadawalin ƙasashe

Yawancin jadawalin da ke yawo daga aikin Richard Lynn da Tatu Vanhanen na 2002 suka samo asali. A cikin ƙasashe 185 da suka jera, 81 ne kawai suke da wani sakamakon gwaji, sauran an ƙiyasta su ne daga maƙwabta. Wasu lambobin daga 'yan tsirarun yara aka samo su. Makin 59 da aka liƙa wa Ikwatoriyal Gini an gano daga baya cewa na yaran wani gidan kula da masu naƙasar ƙwaƙwalwa ne a Sifaniya. Jelte Wicherts da abokan aikinsa sun sake duba binciken da aka yi a Afirka kudu da Sahara a 2010, suka sami kusan 80, suka kuma nuna cewa an yi watsi da binciken da makinsa ya fi yawa ba tare da wani dalili bayyananne ba. Wannan 80 ɗin shi ne abin da samarin Holan na 1952 za su ci in an auna su da ma'aunin 'ya'yansu.

Akwai masana irin su Arthur Jensen da suka tsaya tun 1969 a kan cewa gado yana da hannu a bambancin maki tsakanin baƙaƙen fata da fararen fata. Kwamitin da ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta kafa ya ce a rahotonsa na 1996 babu hujja kai tsaye da ta goyi bayan haka. Misalin da Richard Lewontin ya bayar a 1970 ya fayyace inda gizo ke saƙa. A ɗebi iri gauraye, a shuka rabi a ƙasa mai taki, rabi a tsandauri. A cikin kowace gona bambancin tsayi daga iri ne, amma tsakanin gonakin biyu daga ƙasa ne.

Abin da ya shafi iyaye da malamai

Manyan ɓarayin basira sanannu ne, kuma ana iya tare su. Ƙarancin sinadarin ayodin, wanda ke kawo maƙoƙo, yana rage wa al'ummar da ya yi wa katutu maki 12 zuwa 13 a matsakaici, musamman in ya sami uwa tana da ciki, maganinsa kuwa gishirin da aka sa wa sinadarin. Gubar dalma ba ta da adadin da ba ya cutarwa, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya. An daina sayar da fetur mai dalma a duniya a 2021, Aljeriya ce ta ƙarshe, amma tana nan a tsohon fenti, da wuraren fasa batir, da haƙar ma'adinai. Rahoton UNICEF na 2020 ya ƙiyasta yara kusan miliyan 800, ɗaya cikin uku, suna ɗauke da ita a jini fiye da kima. Sai tamowa, ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da rashin mai kula da jariri. Binciken da aka yi a gidajen marayu na Romaniya ya nuna yaran da aka mayar hannun iyalai kafin su cika shekara 2 sun fi farfaɗowa.

Abubuwan da ake talla kuwa hujjarsu ba ta taka kara ta karya ba. Wasannin horar da ƙwaƙwalwa suna sa mutum ya ƙware ne a wasan kansa, kuma a 2016 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta ci kamfanin Lumosity tarar dala miliyan 2 kan tallar da ba ta da madogara. Zaɓen ƙwan haihuwa ma haka: ƙwayoyin gadon da ke da alaƙa da basira dubbai ne, kowace tasirinta bai kai ya kawo ba, hasashen da ake yi da su yana raguwa tsakanin 'ya'yan gida ɗaya, yana kuma ƙara rauni ga waɗanda asalinsu ba Turai ba ne, tunda a kan Turawa aka gina shi.

Inda gwajin ke da amfani na gaske shi ne inda Binet ya nufa da shi. Yaron da ke fama a aji, gwaji a hannun ƙwararre zai iya nuna ko matsalar ta gama-gari ce, ko ta karatu ce kawai, ko kuma sai an duba ido da kunne. Wanda aka miƙa wa irin wannan sakamako yana da damar tambayar da wane harshe aka yi gwajin, da waɗanne yara aka kwatanta nasa, ko yaron yana da lafiya ranar, da kuma shekarar da aka kafa ma'aunin. Gwajin da ya shekara 20 ba a sabunta ba yana iya ƙara wa yaro maki 6 na banza, kuma wannan ya isa ya ɗaga mai 67 zuwa 73, a ce ba ya cikin masu buƙatar taimako na musamman.